Jagorar Binciken Motsin Na'urori a Sadarwar Mara Waya da ta Motoci

Ɗaliban digiri na biyu a sashen kwamfuta da na injiniyan sadarwa suna yawan zaɓar wannan fanni, wato nazarin yadda na'urori masu tafiya, wayoyi ne ko motoci, suke miƙa wa juna saƙo kai tsaye ba tare da sun bi ta eriyar kamfanin waya ba. Yadda aikin yake kasancewa sananne ne. Ɗalibi zai ɗauko ƙa'idojin nemo hanyar saƙo guda biyu ko uku, galibi AODV da OLSR da DSR, ya gwada su a manhajar kwaikwayo, ya zana jadawali, ya ce wannan ta fi wancan. Zai cika babi guda da bayanin ƙa'idojin, amma yadda na'urorin suke motsi layi biyu zai ba shi a cikin teburi. Alhali motsin nan shi ne yake yanke hukuncin wadda za ta yi nasara.

Ɗan lissafi ya isa ya nuna haka. A ce rediyon kowace mota yana kaiwa mita 300. Motoci biyu sun fuskanci juna a babban titi, kowacce tana gudun kilomita 100 a awa. Tsakaninsu gudun ya zama 200 ke nan, wato kusan mita 56 a daƙiƙa. Daga lokacin da suka fara jin juna zuwa lokacin da suka rabu mita 600 ne, don haka hulɗarsu ba ta kai daƙiƙa 11 ba. Yanzu juya ɗaya ta bi bayan ɗayar, wannan tana 100 waccan tana 90. Za su fi minti 3 da rabi suna jin juna. Rediyo ɗaya, ƙa'ida ɗaya, titi ɗaya, alkibla kawai aka sauya. Matakan da ke ƙasa suna bin tsarin da zai sa ka san irin motsin da ka ba na'urorinka kafin ka ce komai game da sadarwarsu.

Mataki na farko: tantance wanda yake motsi da inda yake motsi

Kafin ka sauke kowace manhaja, rubuta jimla guda da ta amsa abu huɗu: su wa ke motsi, a ina, a wane lokaci, kuma wane saƙo ake son ya isa cikin daƙiƙa nawa. "Kwatanta AODV da OLSR a sadarwar motoci" ba tambaya ba ce, take ne. Tambaya ita ce irin wannan: idan mota ta taka birki da ƙarfi a titin Zariya da ke Kano da yamma, kashi nawa na motocin da ke bayanta cikin mita 300 za su sami gargaɗi kafin rabin daƙiƙa ta cika, idan kashi 30 cikin 100 ne kawai na ababen hawan suke da rediyon?

Amsar wannan jimla ita za ta nuna maka gidan da aikinka ya faɗa. Idan mutane ne a ƙafa cikin fili, kamar masu aikin ceto, kana cikin sadarwar da na'urori ke kafa wa kansu. Idan motoci ne a kan titi, taswira da dokokin tuƙi sun shigo. Idan kuwa na'urorin sun yi ƙaranci har babu hanya a buɗe daga mai aikawa zuwa mai karɓa, sai dai wata ta ɗauki saƙon ta yi tafiya da shi har ta haɗu da wata, to kana cikin sadarwa mai jure jinkiri, kuma manhajar ONE da aka yi a Helsinki ta fi dacewa da kai. An gwada irin wannan da gaske a aikin DieselNet na Jami'ar Massachusetts, inda aka ɗora na'urori a kan motocin bas kusan 40 a garin Amherst. Ni a ganina nan ne ƙasarmu take da abin bincike da ba a taɓa sosai ba. Motocin kasuwa suna tafiya ne bisa mako: Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Motsi mai maimaita kansa kowane kwana 7 abu ne da ƙa'idar miƙa saƙo za ta iya cin moriyarsa.

Mataki na biyu: idan za ka yi amfani da motsin ƙirƙira, san ciwonsa

Tsarin da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne na zangon ƙuri'a, wanda a ns-3, manhajar kwaikwayon sadarwa, yake ɗauke da sunan RandomWaypointMobilityModel. David Johnson da David Maltz na Jami'ar Carnegie Mellon suka kawo shi a 1996. Na'ura za ta jefa ƙuri'a ta zaɓi wani wuri a fili, ta zaɓi gudu, ta miƙe zuwa can, ta ɗan huta, ta sake jefawa. A 1998 rukuninsu ya yi gwajin da ya zama abin koyi: na'urori 50, fili mai tsawon mita 1500 da faɗin 300, daƙiƙa 900, gudu har mita 20 a daƙiƙa. Har gobe za ka ga waɗannan alƙaluma a kundayen ɗalibai, an kwafo su ba tare da an tambayi dalilinsu ba.

Tsarin yana da ciwo biyu, kuma duk mai jarrabawa da ya san fannin zai tambaye ka a kansu.

Na farko, Jungkeun Yoon da Mingyan Liu da Brian Noble na Jami'ar Michigan suka fito da shi a 2003. Idan ka ce a zaɓi gudu daga 0 zuwa 20, ko ba jima ko ba daɗe kowace na'ura sai ta faɗa kan ƙuri'ar gudu mai rauni ƙwarai. A ce ta sami mita 0.1 a daƙiƙa, zangonta kuma yana nisan mita 500. Tafiyar za ta ci daƙiƙa 5000, gwajinka kuwa 900 ne gaba ɗaya. Ta maƙale ke nan har a tashi. Masu sauri suna gama zangonsu nan da nan su sake jefa ƙuri'a, su ma ɗaya bayan ɗaya su faɗa ramin. Sai matsakaicin gudun taron ya yi ta raguwa, hanyoyin saƙo su daina yankewa, jadawalinka ya nuna ƙa'idar tana ƙara kyau da tafiyar lokaci. Ba ƙa'idar ce ta gyaru ba, na'urorin ne suke neman tsayawa.

Maganin shi ne kada ƙaramin gudu ya zama sifiri. Amma ko ka ɗaga shi, akwai sauran magana. Idan ka zaɓi gudu daga 1 zuwa 20 ba tare da hutu ba, kana iya zaton matsakaicinsa 10.5 ne. Ba haka ba ne, domin na'ura ta fi daɗewa a tafiyar da take yi a hankali. Matsakaicin da za ka gani a kan lokaci shi ne bambancin babba da ƙarami a raba da logaridim na asali na rabonsu: 19 a raba da kusan 3, wato mita 6.3 a daƙiƙa. Wannan adadi shi ya kamata ya hau gindin jadawalinka, ba 20 ba, ba 10.5 ba.

Ciwo na biyu na wuri ne. Christian Bettstetter da abokan aikinsa sun nuna cewa na'urorin suna taruwa a tsakiyar fili su bar gefuna fayau, tunda layin da ya haɗa kowane zango biyu ya fi ratsawa ta tsakiya. To kai kuma a farkon gwaji ka watsa su daidai wa daida. Ma'ana mintocin farko ba sa kama da sauran. Hanya biyu ce: ko ka zubar da farkon, ko ka fara daga yanayin da ya riga ya daidaita. Manhajar BonnMotion ta Jami'ar Bonn tana yar da daƙiƙa 3600 na farko da kanta, kada ka rage wannan don gaggawa. A ns-3 kuma akwai SteadyStateRandomWaypointMobilityModel da aka yi musamman don haka.

Sauran tsare-tsaren ba sa buƙatar dogon bayani. Gauss-Markov yana hana juyi na farat ɗaya, gudun yanzu yana da alaƙa da na ɗazu. RPGM na 1999 na masu tafiya a ƙungiya ne, ayarin motoci ko garke da makiyayinsa. Tsarin Manhattan yana tilasta wa na'urori bin tituna masu murabba'i. Ko wanne ka ɗauka, gwada aƙalla biyu. Fan Bai da Narayanan Sadagopan da Ahmed Helmy sun nuna tun 2003 cewa jerin wadda ta fi kyau a cikin ƙa'idojin yana iya juyawa idan aka canja tsarin motsi. Abu ɗaya da ba shi da uzuri shi ne a kira na'urori motoci sannan a ba su zangon ƙuri'a. Mota ba ta ratsa katangar gidan mutane.

Mataki na uku: duba sawun gaske, ko da ba da shi za ka yi aiki ba

Akwai sawun motsi da aka tattara da GPS ko Bluetooth aka ajiye wa masu bincike kyauta. Na tasi kusan 500 na San Francisco da aka ɗauka a 2008, da na tasi kusan 320 na birnin Rum a 2014, duka suna cikin taskar CRAWDAD, wadda ta fara a Kwalejin Dartmouth daga baya ta koma IEEE DataPort. Microsoft ta fitar da T-Drive, sawun tasi 10,357 na birnin Beijing na mako guda a 2008, da GeoLife na mutane 182. A yankinmu na Afirka ta Yamma, kamfanin Orange ya taɓa buɗe wa masu bincike bayanan kiran waya na Kodebuwa da na Senegal, sai dai waɗannan suna nuna eriyar da mutum yake kusa da ita ne kawai, ba titin da yake kai ba.

Abin da za ka fara dubawa a kowane sawu shi ne tazarar da ke tsakanin maki biyu. A T-Drive matsakaicinta daƙiƙa 177 ne, sama da mita 600 a ƙasa. Tasi biyu suna iya haɗuwa su yi hulɗa su rabu a cikin wannan giɓi ba ka gani ba. Idan ka ja miƙaƙƙen layi tsakanin makin, ka bi da motar ta kan rufin gidaje. Dole a ɗora makin a kan taswirar tituna a cike giɓin da hanyar da ta fi yiwuwa. Na biyu, tasi ba ita ce dukan zirga-zirgar gari ba. Sawun tasi 500 a babban birni zai ba ka sadarwa mai ramuka da yawa, ya dace da nazarin jure jinkiri, bai dace da nazarin gargaɗin birki ba.

Idan kuma kai za ka tattara naka, misali ka sa wa direbobin a daidaita sahu manhajar GPS a waya, nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka da yardar kowane direba a rubuce tun kafin ka fara, kuma ka karanta dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023. Goge suna ba ya ɓoye mutum. Binciken Yves-Alexandre de Montjoye da abokansa na 2013, a kan bayanan mutum miliyan 1.5, ya nuna maki 4 na wuri da lokaci sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen. Inda keke yake kwana kullum, nan ne gidan mai shi. Yanke farko da ƙarshen kowace rana kafin ka ba kowa fayil ɗin.

Mataki na huɗu: gina titin a SUMO

Ga mai aikin motoci, nan ne mafi yawan lokacinsa zai tafi, kuma nan ya kamata ya tafi. SUMO manhaja ce ta kyauta da cibiyar binciken sufuri da sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta fara a 2001. Tana kwaikwayon kowace mota ita kaɗai: gudunta, birkinta, canja layinta, tsayuwarta a danja.

Fara da ƙaramin yanki. Murabba'in kilomita 2 zuwa 4 ya ishi kundin digiri na biyu, kuma laftof ɗinka zai iya ɗauka. Sauke yankin daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, ka juya shi zuwa fayil ɗin da SUMO take karantawa:

`netconvert --osm-files kano.osm -o kano.net.xml`

Kada ka wuce nan da sauri. Buɗe fayil ɗin a netedit, manhajar gyaran taswira ta SUMO, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, kana kwatantawa da abin da ka sani da idonka. Masu sa kai ne suka zana taswirar, kuma abin da ba su rubuta ba manhajar za ta cike shi da zato. Za ka tarar da titi mai layi uku an ba shi ɗaya, shataletale ya zama mararraba, gadar sama ta haɗe da titin da ke ƙarƙashinta, an dasa danja inda jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ne yake ba da hannu, an kuma manta wuraren juyawa da ke tsakiyar titi mai hannu biyu. Wurin juyawa guda da ya ɓace yana iya tura motoci ɗaruruwa zagayen da babu direban da yake yinsa.

Sai ababen hawa. Motar da SUMO take ba ka idan ba ka ce komai ba tsawonta mita 5 ne, tana barin mita 2.5 tsakaninta da ta gaba idan an tsaya, tana bin tsarin bin-baya na Krauß, kuma tana zama a tsakiyar layinta ita kaɗai. Direban Jamus ke nan. A titin Kano kuwa a daidaita sahu ne ya fi yawa, musamman tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013. Tsawon keken bai kai mita 3 ba, faɗinsa kamar 1.3, biyu suna jerawa a layi ɗaya, na uku yana neman kutsawa. Don haka ƙirƙiri nau'o'inka da kanka a fayil ɗin hanyoyi: keke, ƙaramar mota, bas, babur, tirela, kowanne da tsawonsa da faɗinsa da iyakar gudunsa da tazararsa. Sannan kunna tsarin raba layi da `--lateral-resolution 0.8`, wanda yake barin ƙananan ababen hawa su jera gefe da gefe. Wannan ba ado ba ne. Yawan na'urorin da ke cikin mita 100 na cunkoso shi ne yawan masu rububin tashar rediyo guda, kuma jerin keke bibbiyu yana ninka shi. Ƙara musu tsayawa a gefen titi na daƙiƙa 10 zuwa 30 don sauke fasinja da ɗauka, tunda ba tasha suke jira ba.

Daga nan sai tambayar ina motocin suka fito, ina za su. Hanya mafi sauƙi ita ce randomTrips.py, mai jefa ƙuri'ar mafari da maƙura. Tana da amfani don ganin ko taswirar tana aiki, amma idan ka tsaya a kanta ka koma zangon ƙuri'a ne ta bayan gida: lungu da babban titi za su sami rabo kusan ɗaya. Abin da ya fi shi ne ka fita ƙirge. Zaɓi mahaɗa 4 ko 5, ka samu abokai, kowa ya riƙe takarda mai ginshiƙai: keke, mota, bas, babur, babbar mota, da inda kowacce ta nufa, miƙewa ko dama ko hagu. A ja layi duk minti 15. Ku tafi da takardar gabatarwa daga sashenku, ku gaisa da jami'an da ke wurin kafin ku fara, domin mutum a tsaye a mahaɗa yana rubuce-rubuce ko ɗaukar bidiyo yana jawo tambaya. Rubuta rana da sa'a. Safiyar Talata daban, azahar ɗin Juma'a da ake tare wasu tituna don salla daban, gab da shan ruwa a watan azumi daban. Dare ma ya canja tun Yulin 2022 da gwamnatin jihar ta hana kekunan fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Ba routeSampler.py ƙirgen naka tare da tarin hanyoyin da randomTrips.py ya samar, zai zaɓo waɗanda jimillarsu ta dace da abin da ka gani. Don auna dacewar, injiniyoyin hanya suna amfani da ma'aunin GEH: ka ɗauki bambancin adadin kwaikwayo da na ƙirge a awa guda, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 2, ka raba da jimillar adadin biyu, ka ɗauki tushen murabba'i. Ƙasa da 5 ya yi. Ka ƙirga 800 kwaikwayo ya ba da 900, sakamakon 3.4 ne, an wuce. Ka ƙirga 100 ya ba da 200, sakamakon 8.2 ne, da sauran gyara, ko da yake bambancin 100 ne a duka biyun.

Ƙarshe, kunna sumo-gui, mai nuna motocin a allo, ka zauna ka kalla, gani ya kori ji. Ka kuma karanta gargaɗin da yake fitowa a ƙasa. Idan mota ta maƙale daƙiƙa 300, SUMO tana ɗauke ta ta dire ta a gaba don cunkoson ya warware. A wajen injiniyan hanya wannan ƙaramin abu ne. A wajenka na'ura ce ta ɓace daga cikin maƙwabtanta ta ɓulla a wani wuri. Idan irin wannan ya yi yawa, akwai mahaɗar da ta lalace a taswira, koma netedit.

Mataki na biyar: auna motsin shi kaɗai, rediyo a kashe

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa. Fitar da matsayin kowace mota da `--fcd-output sawu.xml`, ka rubuta ɗan shiri a Python da zai ɗauki nisa guda, a ce mita 250, ya lissafa maka: maƙwabta nawa kowace na'ura take da su a kowace daƙiƙa, tsawon rayuwar kowace hulɗa, sau nawa hulɗa take yankewa, taron ya rabu gida nawa, kuma babban gidan ya ƙunshi kashi nawa. Masu BonnMotion suna da wannan a shirye cikin kayan ƙididdigarta.

Dalilin yana cikin wannan misali. Na'urori 50 a fili mai mita 1000 kowane gefe, da rediyo mai kai mita 250, kowacce tana da maƙwabta wajen 9 ko 10 idan ba a kula da gefuna ba. Rage nisan zuwa mita 100, sai su koma 1.5. A hali na farko kusan kowace ƙa'ida za ta isar da saƙo, a na biyu babu wadda za ta iya, tunda hanyar ma babu ita. Wanda bai auna wannan ba zai ɗora wa ƙa'ida laifin da na fili ne.

Kada ka tsaya a matsakaici, zana yadda adadin ya rarrabu. A titin birni motoci suna curewa a danja su watse a tsakani, don haka matsakaicin maƙwabta 12 yana iya nufin 40 a mahaɗa da 2 a tsakiyar hanya. Haka tsawon hulɗa yakan fito da tudu biyu, na masu fuskantar juna da na masu tafiya tare. Ga mai aikin jure jinkiri, abin aunawa shi ne lokacin da ke tsakanin haɗuwa da haɗuwa. Augustin Chaintreau da abokansa sun gano daga sawun mutane cewa dogayen rabuwa sun fi yawa ƙwarai fiye da yadda tsare-tsaren ƙuri'a suke nunawa.

Mataki na shida: haɗa motsin da rediyo

Tambaya guda ce take raba hanya a nan: saƙon yana canja tuƙi? Idan ba ya canjawa, sawu ya isa. Juya shi da `traceExporter.py --fcd-input sawu.xml --ns2mobility-output motsi.tcl`, ka loda shi a ns-3 da Ns2MobilityHelper. Akwai tarko a nan. A ns-3 duk na'urorin suna raye tun daƙiƙar farko har ta ƙarshe. Motar da ba ta shigo ba tukuna tana zaune a bakin taswira, wadda ta gama tafiyarta tana tsaye inda ta tsaya, kuma dukansu suna karɓar saƙo suna miƙawa. Sai ka ga isar saƙo ta yi kyau fiye da kima, ashe matattun motoci ne suka zama eriya. Fitar da fayil ɗin shiga da fita da `--ns2activity-output`, ka kunna kowace na'ura ka kashe ta a kan lokacinta.

Idan kuwa saƙon yana sa direba ya rage gudu ko ya canja hanya, kamar gargaɗin haɗari a gaba, to motsi da sadarwa dole su gudana tare. Veins, wadda Christoph Sommer ya jagoranci ginawa, tana haɗa manhajar kwaikwayon sadarwa ta OMNeT++ da SUMO ta hanyar TraCI, wato ƙofar sarrafa SUMO tana cikin gudana, don wannan. Kula da lambobin fitowa: kowace Veins tana da SUMO da OMNeT++ da take jituwa da su, bi abin da takardunta suka ce.

Faɗi rediyon da kake kwaikwayo. IEEE 802.11p ta fito a 2010, tana aiki a zangon 5.9 GHz da tasha mai faɗin 10 MHz, kuma motoci suna shelanta matsayinsu har sau 10 a daƙiƙa. Kishiyarta C-V2X, mai amfani da fasahar wayar salula, ta zo da fitowa ta 14 ta ƙa'idojin 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin wayar salula, a 2017. Amurka ta ware wa sadarwar motoci 75 MHz a 1999, a 2020 ta janye 45 ta bar 30 ta kuma karkata ga C-V2X, saboda haka shirya amsar dalilin zaɓinka.

Sannan gine-gine. Idan rediyonka da'ira ce mai tsabta, mota a wannan titi za ta yi magana da ta bayan kasuwa ta cikin shaguna. Ciro gine-ginen daga taswira da polyconvert, ka kunna tsarin tare sigina. Misalin da yake zuwa da Veins yana rage ƙarfin sigina da 9 dB a kowace katanga da 0.4 dB a kowane mita na cikin gini. A gine-ginen Jamus aka auno wannan, katangar ƙasa ta cikin birni da benen bulo na Kantin Kwari kuwa kowanne da halinsa, don haka gwada da adadi sama da ƙasa ka nuna ko sakamakonka ya tsaya. Duba kuma ko an zana gine-ginen unguwar a OpenStreetMap. Inda ba a zana ba, sigina zai wuce salin alin, babu gargaɗin da zai fito.

Mataki na bakwai: maimaita, sannan rubuta yadda wani zai iya maimaitawa

Gwaji ɗaya labari ne, ba sakamako ba. Kowane yanayi a gudanar da shi sau 20 zuwa 30 da lambar ƙuri'a daban, a kawo matsakaici da tazarar amincewa ta kashi 95. Wuri biyu ake canja lambar: a manhajar sadarwa, da `--RngRun` a ns-3 ko `repeat` a OMNeT++, da kuma a SUMO da `--seed`. Idan ka canja ta farko kaɗai, motsi guda ka maimaita sau 30, tazararka za ta fito siririya ta ruɗe ka. Ƙa'idojin da kake kwatantawa kuma su hau sawu iri ɗaya a kowane zagaye. Ka zubar da mintocin farko da tituna suke cika. Idan tazarar ƙa'idoji biyu ta hau kan juna sosai, rubuta cewa ba ka ga bambanci ba, wannan ma sakamako ne. Saboda ɗaukewar wuta, sa kowane zagaye ya ajiye nasa fayil da zarar ya gama, kada ka tara su sai ƙarshe.

A 2005 Stuart Kurkowski da Tracy Camp da Michael Colagrosso sun bi takardun MobiHoc, taron masu bincike a wannan fanni, na shekarun da suka gabata, suka tarar ƙasa da kashi 15 cikin 100 ne wani zai iya maimaita gwajinsu, saboda marubutan ba su faɗi abubuwan da suka saita ba. Don haka sai teburin babinka na uku ya ƙunshi sunan kowace manhaja da lambar fitowarta, iyakokin taswira da ranar da ka sauke ta, gyare-gyaren da ka yi a netedit, nau'o'in ababen hawa da alƙalumansu, rana da sa'ar ƙirge da sakamakon GEH na kowace mahaɗa, kashin motocin da ke da rediyo, ƙarfin aikawa, tsarin raunin sigina, lokacin da aka zubar, da yawan zagaye. Jadawalan mataki na biyar su zo a farkon babi na huɗu, kafin na isar saƙo da na jinkiri, domin da su za ka yi bayanin kowane hawa da sauka idan mai jarrabawa na waje ya nuna layi ya ce me ya faru a nan. Fayilolin taswira da na hanyoyi da shirye-shiryen Python ɗinka ka ɗora su a GitHub ko Zenodo, ka sa adireshin a ratayen kundin, ban da ɗanyen sawun GPS na direbobi.